Kashi na uku na The Godfather: ya cancanci zagin da ake masa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya na zauna na sake kallon kashi na uku na The Godfather tun daga farko har ƙarshe, kuma da abin na kwana a raina. Na fara ganinsa ne a kaset ɗin bidiyo a shekarun 1990, ina saurayi, kuma a lokacin na bi sahun masu cewa Coppola, daraktan fim ɗin, ya zubar da mutuncin kashi na ɗaya da na biyu. Yau ga furfura, ga 'ya'ya mata sun tasa a gabana, sai na ga kamar wani fim daban nake kallo.

Abin da muka nema a wancan lokacin shi ne Michael Corleone na 1972 da na 1974, mai sanyin ido, mai ƙarancin magana, wanda in ya dube ka sai hantarka ta kaɗa. Sai aka kawo mana tsoho mai ciwon suga, gashi ya yi fari, yana neman ya wanke sunan gidansu da kyautar dala miliyan 100 ga talakawan Sisili, yana roƙon tsohuwar matarsa Kay ta daina jin tsoronsa. Muka ce an ɓata mana gwarzo. Amma ai mutumin da ya sa aka kashe ɗan uwansa Fredo, uwa ɗaya uba ɗaya, in Allah Ya yi masa tsawon rai, haka zai koma. Kashi na ɗaya da na biyu sun nuna yadda ya ci bashin, na uku kuma ranar biya ce. Ni dai ina ganin an zalunci fim ɗin nan. Ban ce ba shi da aibu ba, yana da shi da yawa, amma ina so mu tattauna da adalci.

Auta:
Wa alaikumus salam Baba. Ni gaskiya na kalli na ɗaya da na biyu, na ukun kuwa ko buɗe shi ban yi ba, don duk wanda na tambaya cewa yake kada in ɓata lokacina. Ku ci gaba ina karantawa, ban damu ba ko kun faɗi ƙarshen labarin.

Kawu Tela:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Ranar biyan da kake magana ai an riga an nuna ta. Ka tuna yadda kashi na biyu ya ƙare: an harbe Fredo a cikin kwalekwale a tafkin Tahoe yana tsakiyar addu'a, Kay ta tafi, uwarsu ta rasu, Tom Hagen ma an fara yi masa kallon tuhuma. Sai ga Michael zaune shi kaɗai a waje, ganyaye suna zuba, bai ce uffan ba. Wane hukunci ne ya fi wannan? Mutum ya ci duk maƙiyansa da yaƙi, ya waiwaya ya tarar ba kowa a gidan. Labari ya cika a nan. Duk abin da aka ƙara bayan wannan, bayani ne ga wanda ya riga ya gane.

Kuma mu faɗi gaskiya kan dalilin yin fim ɗin. Shekara da shekaru kamfanin Paramount yana bin Coppola yana ƙi. Bai amsa ba sai da bashi ya sha masa kai, tun daga asarar da ya tafka a fim ɗinsa One from the Heart na 1982. Shi kansa bai ɓoye cewa matsin kuɗi ne ya dawo da shi ba. Sannan aka matsa masa lamba shi da marubucin labarin Mario Puzo su gama rubutu cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, don fim ya fita ranar Kirsimeti ta 1990. Ni tela ne, na san ɗinkin da aka yi a natse da wanda aka yi daren sallah. Ko yadi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, mai ido zai gane. Wannan ɗinkin daren sallah ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan surutun Michael. Da can ido yake magana da shi. A nan kuwa komai sai ya fassara mana da baki: ina nadama, ina son 'ya'yana, duk lokacin da na zaci na fita sai su sake janyo ni. To mun ji.

Maman Haidar:
Kawu, maganar surutun nan ina da ja a kai, amma bari in fara da inda muka haɗu. Babban ramin da ke cikin fim ɗin nan rashin Tom Hagen ne. Robert Duvall, wanda ya fito a matsayin Tom, ya ƙi dawowa saboda kuɗi. Daga baya ya bayyana cewa da ninki biyu na abin da za a ba shi aka ba Al Pacino, mai fitowa a matsayin Michael, da bai damu ba, amma ninki uku ko huɗu ya yi yawa. Sai aka ce mana kawai Tom ya rasu, aka kawo ɗansa Andrew a matsayin limamin coci yana leƙowa sau ɗaya sau biyu, aka ɗauko George Hamilton ya zama lauya B.J. Harrison. Shi wannan lauya ba laifinsa ba ne, amma bare ne. Bai ci tuwon gidan Vito mahaifin Michael ba, bai san Sonny babban wansu ba, bai san Fredo ba.

Ku duba fa, Tom shi ne yaron da Sonny ya tsinto a titi, Vito ya riƙe shi kamar ɗa. Shi kaɗai ya rage a duniya da zai iya duban tsabar idon Michael ya ce masa, na san abin da ka yi, kuma ina wurin. Tun kashi na biyu aka shuka rigimarsu, lokacin da Tom ya tambaye shi ko dole sai ya ga bayan kowa. Irin da aka shuka ke nan, aka zo girbi babu mai gona. Shi ya sa Michael yake ta magana da kansa da bakin da Kawu yake kuka da shi: an ɗauke masa abokin maganar.

Baban Ummi:
Wannan kam na sallama, Maman Haidar. Da Paramount sun biya Duvall abin da ya nema, da yau wata maganar muke yi. Amma Kawu, dalilin da ya sa mutum ya kama aiki daban, abin da ya fito daga hannunsa daban. Kai ma ai don kuɗi kake ɗinki, kuma bai hana rigarka kyau ba. Sannan zaman kaɗaicin da ka ambata a ƙarshen kashi na biyu, ni ban ɗauke shi hukunci ba. Mutumin nan yana zaune da mulkinsa da dukiyarsa da 'ya'yansa a hannunsa. Bai yi kuka ba, bai amsa laifi ba. Matasa nawa ne suka kalli wannan zaman suka ce kai, ga namiji? Ni kaina na faɗa. Kashi na uku ne ya hana mu sha'awarsa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan da Faransanci muka fara ganinsa, da sunan Le Parrain. Ina son in tsoma baki ta ɓangaren da mutane suke tsallakewa, wato maganar Vatikan, don ni shi ne ya riƙe ni.

Da yawa suna zaton Coppola da Puzo ƙirƙira suka yi. To sunaye ne suka sauya, amma ginshiƙin labarin daga abin da ya faru a Italiya aka ɗauko. Fafaroma John Paul na ɗaya, wanda sunansa na yanka Albino Luciani, an zaɓe shi a watan Agustan 1978, ya rasu bayan kwana 33 kacal a kan kujera. Vatikan ta ce ciwon zuciya ne, kuma ba a yi binciken gawa ba, daga nan jita-jitar guba ta samo asali. Ba a taɓa tabbatar da cewa kashe shi aka yi ba, wannan a riƙe shi da kyau, fim ne ya ɗauki zargin ya mai da shi labari. Sai kuma bankin Ambrosiano da ya durƙushe a 1982, wanda bankin Vatikan yake da hannun jari a ciki. Shugabansa Roberto Calvi, wanda jaridu suke wa laƙabi da ma'ajin Allah, an tsinci gawarsa a rataye ƙarƙashin gadar Blackfriars a Landan a watan Yunin wannan shekarar. A fim ɗin, Keinszig da aka rataye a gada shi ne madadinsa. Akbishop Gilday kuma an gina shi a kan Paul Marcinkus, Ba'amurken da ya shugabanci bankin Vatikan a wancan zamanin.

Abin da ya burge ni shi ne ma'anar. Michael ya sayar da gidajen cacarsa, ya ce zai zuba dala miliyan 600 a bankin Vatikan don ya mallaki kamfanin gidaje na Immobiliare, a tunaninsa in ya hau can sama zai tarar da mutane masu tsabta. Ya je ya tarar waɗanda suke sama sun fi 'yan unguwarsu iya yanka, bambancin kawai su ba sa ɓata hannunsu da jini. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun kashi na ɗaya ya gaya wa Kay cewa ubansa ba shi da bambanci da sanata ko shugaban ƙasa. A kashi na uku ne ya ga gaskiyar maganarsa da idonsa, kuma wannan karon shi ne ƙaramin kifi.

Kuskure ɗaya da na lura: fim ɗin ya fara a 1979, alhali Fafaroma Paul na shida da magajinsa duk a 1978 suka rasu.

Kawu Tela:
Ɗan Damagaram, na gode da wannan tarihi, wallahi na ƙaru. Amma ka ga ai ka tabbatar da maganata. Sai da ka zo ka yi mana darasi sannan muka gane. Fim ɗin da kansa bai iya bayyana wane ne Lucchesi ba, me yake so, me ya haɗa shi da Altobello, me ya sa ƙuri'ar Fafaroma take da muhimmanci. Sau uku na kalla, kuma kullum a nan nake ɓacewa. Ka kwatanta da Sollozzo a kashi na ɗaya: yana son sayar da miyagun ƙwayoyi, Vito ya ƙi, aka harbe Vito. Ko yaro ya gane. Hyman Roth ma duk wayonsa mun san abin da ke cin sa, kisan Moe Greene.

Ga kuma fitowar jirgi mai saukar ungulu a Atlantic City, ana ɓarin wuta ta rufin ɗaki. Wannan ba gidan Corleone ba ne, irin fina-finan harbe-harben shekarun 1980 ne. A fim ɗin da mutum ɗaya ya fito daga banɗaki da ƙaramar bindiga ya girgiza duniya, me ya kawo jirgi?

Ɗan Damagaram:
Jirgin kam ban kare shi ba, Kawu. Amma kisan Joey Zasa a bikin titi a unguwar Italiyawa ta Niyok, Vincent a kan doki cikin kayan ɗan sanda, wannan ya yi kama da gidan.

Auta:
Ku yi haƙuri in tambaya. Na sha ganin Turawa suna cewa abin ƙyama ne soyayyar da ke ciki, wai 'yan uwa ne. Wane irin 'yan uwa?

Maman Haidar:
Auta ƙanena, 'ya'yan wa da ƙane ne. Vincent ɗan Sonny ne, Mary 'yar Michael. A wurinmu wannan auren zumunci ne, tuwona maina, iyaye ma su ne za su haɗa. Shi ya sa idan Bahaushe ya kalla ba ya jin abin da Ba'amurke yake ji, kuma ina ganin mu muka fi samun damar ganin ainihin matsalar. Michael bai hana ba don jini ɗaya ne kawai, ko da yake ya ambaci hakan. Ya hana ne don ya san maƙiyi wanda kake so yake nema. Matarsa ta fari Apollonia a gabansa mota ta tashi da ita a Sisili, bam ɗin da shi aka ɗana wa. Yana ganin Vincent yana ganin kansa, yana ganin Mary yana ganin Apollonia.

Wani abin kuma da zai fi tsaya wa Bahaushe a rai shi ne nasabar Vincent. Ba ta hanyar aure aka same shi ba, ɗan Lucy Mancini ne, wadda muka ga Sonny ya keɓe da ita ranar bikin Connie a farkon kashi na ɗaya. Shi ya sa yake amsa sunan Mancini, shi ya sa Zasa ya goranta masa a gaban Michael har ya ciji kunnensa. Duk zafin kan yaron nan neman a amsa shi ɗan gida ne. Andy Garcia ya fitar da wannan sosai, kuma bai shiga jerin 'yan takarar Oscar a banza ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin da aka yi wajen sauya shi. Jiya yana cizon kunne, yau ya zama mai natsuwar da za a sumbaci hannunsa. Michael fim guda ya ɗauka kafin ya rikiɗe.

Sai maganar Sofia Coppola, 'yar daraktan da ta fito a matsayin Mary, don na san za a zo kanta. Ba ta iya ba, wannan gaskiya ne. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kuma in tana gaban Garcia sai ka ga ratar. Amma a tuna yadda aka yi. Winona Ryder aka ɗauka, ta iso Roma a galabaice, ta janye ana dab da fara ɗaukar ɓangarenta. Uba ya waiwaya ya ɗauko 'yarsa mai shekara 18, wadda ba sana'arta ba ke nan. Ita ce fa jaririyar da aka yi wa baftisma a ƙarshen kashi na ɗaya. Aka taru a kanta, jaridu suka yi mata ca, har lambar mafi munin wasa aka ba ta. Yarinya ta haɗiye, ta koma bayan kyamara, ta zo ta ci Oscar na rubutun fim da Lost in Translation. In akwai mai laifi uban ne, shi ya tura ta gaban wuta.

Kawu Tela:
Hajiya, ban zagi yarinya ba kuma ba zan zaga ba. Amma duk nauyin ƙarshen fim ɗin a kanta aka ɗora. In ban damu da Mary ba, mutuwarta ba za ta taɓa ni ba. Nan ne gizo yake saƙar.

Baban Ummi:
Ni kuwa jiya ta taɓa ni, Kawu, kuma rashin iyawar ma ya taimaka. Ba ta yi kama da tauraruwa ba, ta yi kama da 'yar gidan masu kuɗi da aka killace, ba ta san komai ba, an sa sunanta a kan gidauniya tana tambayar ubanta ko da ita ake fakewa. Irin maganar Ummi ce in tana so ta gane wani abu a wurina.

Malam Na'ibi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin ku, ban so in yi magana ba sai an zo inda ya dame ni, kuma har yanzu ba wanda ya taɓo shi. Ina nufin zaman Michael da Kadinal Lamberto a farfajiyar nan mai furanni.

Kadinal ya ɗauko tsakuwa daga cikin ruwa, ya fasa ta, ya nuna masa cikinta a bushe. Ya ce haka mutanen Turai suke, shekaru aru-aru addini yana kewaye da su amma bai ratsa su ba. Sai sugan Michael ya faɗi, aka kawo masa ruwan lemo da alewa yana ci hannu na rawa. Mutumin da duniya take tsoro. Daga nan Kadinal ya ja shi a hankali har ya furta: ya ci amanar matarsa, ya kashe mutane, ya sa an kashe, sannan ya ce ya kashe ɗan uwarsa, ya kashe ɗan ubansa, ya fashe da kuka. Kawu ya ce surutu ya yi yawa, to wannan maganar shekara 20 tana maƙale a wuyansa. Kuma amsar da aka ba shi ba lallashi ba ce. An ce masa zunubansa masu muni ne, wahalar da yake sha adalci ce, zai iya gyaruwa amma shi kansa bai yarda ba, don haka ba zai sauya ba.

A wurinmu tuba tana da sharuɗɗa: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Michael na farkon kaɗai yake da shi. Dukiyar da ya tara da jini bai rabu da ita ba, so yake ya wanke ta. Kuma ku lura da abin da ya yi a gaban gawar Don Tommasino, tsohon aminin gidansu a Sisili. Ya rantse da rayukan 'ya'yansa cewa in aka ba shi dama ba zai sake saɓo ba. Bai tashi daga wurin ba Vincent ya shigo yana neman izinin ɗaukar fansa, shi kuma ya miƙa masa sarautar, ya san sarai abin da za a yi da ita. Ya ɗauka in ba shi ya ba da umarni da bakinsa ba hannunsa ya fita. To da ran wa ya rantse? Ni a wurina wannan ne kashin bayan fim ɗin, kuma ba aikin gaggawa ba ne, an yi tunani kafin a rubuta shi.

Baban Rahila:
Malam, ka yi magana mai kyau. Ni ɗan Katolika ne, bari in ƙara kaɗan. A wurinmu ma furta zunubi a gaban fada ba ya cika sai da niyyar barin zunubin da kuma gyara ɓarnar da aka yi gwargwadon iko. Shi ya sa maganar Lamberto take da nauyi, ya yi masa addu'ar gafara amma ya gaya masa gaskiya a fuska. Kuma ina so a lura, fim ɗin da ya nuna Gilday ɓarawo shi ne ya nuna Lamberto mutumin kirki, har Michael ya ce wannan limamin gaskiya ne. Wasu 'yan uwana sun ji haushin fim ɗin, suna ganin an ci zarafin coci. Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda aka nuna kisan Fafaroma da shayi mai guba kamar tabbataccen abu, alhali mutum ne na gaske da yake da dangi, kuma ba a tabbatar ba.

Malam Na'ibi:
Haka ne, Baban Rahila, wannan ƙorafin naka yana kan hanya. Na gode da ƙarin bayani.

Maman Haidar:
Malam ya tuna mini da Connie, ƙanwar Michael. Bayan wannan furucin Michael ya gaya mata ya yi ikirari, sai ta ce masa wani lokaci takan tuna Fredo, bawan Allah, ruwa ya ci shi, ƙaddara ce. Tana faɗa tana kallonsa. Ta sani, shi ma ya san ta sani. Wannan matar da Carlo yake duka da bel tana da ciki, wadda ta zo tana kururuwa Michael ya kashe mata miji, yau ita ce take ba da izinin kashe Zasa yayanta yana kwance a asibiti, ita ce ta miƙa wa ubangidanta Altobello kayan zaƙi mai guba, ta ɗauki madubin hangen nesa tana kallonsa yana mutuwa tana hawaye. Talia Shire ta yi aikin da ba a yaba mata yadda ya kamata ba. A cikin 'ya'yan Vito, a ƙarshe ita ce ta fi riƙe gidan.

Kawu Tela:
Connie kam na yarda. Malam ma ya sa zan sake kallon wurin gawar Tommasino, ban taɓa haɗa rantsuwar da abin da ya biyo baya ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da minti 30 na gidan opera. Maimaici ne na baftismar kashi na ɗaya, ana ibada ko waƙa a nan, ana kisa a can. Karo na uku ke nan ana mana dabara ɗaya. Kuma a ce an kashe mutum kamar Lucchesi da tabaransa?

Baban Ummi:
An caje Calo tsaf kafin ya shiga, ba shi da ko allura, kuma ya san ba zai fito da rai ba. Fansar maigidansa Tommasino ya je ɗauka. Ni ban ga aibu a nan ba.

Maimaicin kuma da gangan ne, amma da bambanci. A baftisma Michael ne mai farauta. A gidan opera na Teatro Massimo da ke Palermo shi ake farauta, yana zaune yana kallon ɗansa Anthony yana waƙa a Cavalleria Rusticana, bai san Mosca, makashin da aka yi haya, ya shigo cikin kayan limamai ya kashe masu gadinsa ba. An kashe duk maƙiya kamar kullum, an fito ana murna, sai a kan matakala Mary ta tare shi tana tambayar me ya sa ya raba ta da Vincent. Harsashin da aka auna shi da shi ya same ta a ƙirji. Ta durƙusa, ta kira shi sau ɗaya, ta faɗi.

Sai ihun nan. Baki a buɗe, ba sauti, ana ta jin kiɗa, sai can muryar ta fito. Kay da take kuka ta tsaya tana kallonsa, kamar ranar ta fara ganinsa. Jiya da na zo nan sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida. Kuma ku sani, Coppola ya rasa babban ɗansa Gian-Carlo a haɗarin jirgin ruwa a 1986, yana da shekara 22. Bayan shekara huɗu ya ɗauki 'yarsa ta cikinsa ya kwantar da ita a kan matakalar nan. Wanda ya zo karɓar kuɗi kawai ba ya yin haka.

Ɗan Damagaram:
Shekarar ma ba ta taimake shi ba. A 1990 ɗin Goodfellas na Scorsese ya fito da sabon salo mai gudu, sai wannan ya zama kamar tsohon yayi. An sa shi takarar Oscar a rukuni bakwai bai ci ko ɗaya ba, alhali na ɗaya da na biyu duk sun ci gwarzon fim.

Auta:
To yanzu kun sa dole in kalla. Amma na duba na ga iri biyu, akwai wani mai suna Coda. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Damagaram:
Coda shi ne wanda Coppola ya sake tacewa ya fitar a Disambar 2020, da sunan da shi da Puzo suka so tun farko kamfani ya hana, wato Mutuwar Michael Corleone. Ya fara kai tsaye da zaman Michael da Gilday kan maganar kuɗin, don haka ɓatan da Kawu yake yi ya ragu sosai. Ka fara da shi.

Maman Haidar:
A'a Auta, na 1990 za ka fara gani. A can an nuna shi tsoho tukuf a farfajiyar gida a Sisili, lemo ya suɓuce daga hannunsa, ya sulale daga kujera ya faɗi ƙasa, ba kowa sai ɗan kare yana shinshinawa. Ka tuna ubansa a lambun tumatir ya faɗi yana wasa da jikansa. A Coda an yanke faɗuwar, an bar shi zaune da ransa.

Malam Na'ibi:
Ni kuwa barinsa da ran ya fi yi mini nauyi, Hajiya. Yana zaune yana tuna rawar da ya yi da Mary, ga shekaru sun ƙi ƙarewa.

Kawu Tela:
Zama shi kaɗai a kujera ai shi ne dai ƙarshen kashi na biyu da na faɗa muku tun da safe. Ban ga Coda ɗin ba tukuna. Baban Ummi, in kana da shi a waya ka biyo da shi shago ranar Asabar bayan la'asar, mu kalla tare, Auta ma ya zo.

Baban Ummi:
Ina da shi, Kawu. Zan zo in sha Allahu, amma sai ka ajiye keken ɗinkin nan, don wurin gawar Tommasino a hankali suke magana.